Iska ko Shaiɗan? Sharhi a kan Rabe-raben Mutanen Ɓoye, daga Wasan Bori na Gulbin Maraɗi zuwa Wasannin Ƙage na Turawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama don juya wani zance na bori daga Hausa zuwa Faransanci ya san inda gizo ke saƙa. Da zarar ya iso kan kalmar iska sai ya tarar Faransanci ya jera masa kalmomi har huɗu, wato esprit da génie da démon da diable, kuma duk wadda ya ɗauka a cikinsu ya riga ya yanke wa abin hukunci tun bai gabatar da shi ga mai karatu ba. In ya ce génie ya wanke shi, in ya ce démon ya jefa shi wuta. Wannan matsala ta fassara ita ce ta haifar da tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa: shin akwai bambanci na haƙiƙa tsakanin abin da Bahaushe ke kira iska ko aljani da abin da yake kira shaiɗan? In kuwa akwai, a ina yake?

Tambayar ba ta tsaya ga masu fassara kaɗai ba. Masu tsara wasannin ƙage a ƙasashen Turawa, waɗanda ake yi a kan tebur da waɗanda ake yi a kwamfuta, su ma sun yi karo da ita, domin tilas ne su nuna wa mai wasa halittar da zai yi abota da ita da wadda zai sara. Za mu ɗauki amsoshin da biyu daga cikin waɗannan wasanni suka bayar, tare da na wasu masana da suka yi rubutu a kan iskoki, mu auna su da wasan bori kamar yadda aka san shi a kwarin Gulbin Maraɗi, inda garin Madarunfa yake. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa bambancin yana nan, amma a hali da zaman tare yake, bai kai ga asalin halitta ba. Ya kamata mu faɗa tun da wuri cewa aikinmu sharhi ne a kan sunaye da rabe-rabe. Hukuncin halacci ko haramcin bori yana hannun malaman addini, kuma sun daɗe da faɗin nasu.

2.0 Madarunfa a Matsayin Ma'auni

Madarunfa tana kimanin kilomita 20 kudu da birnin Maraɗi, a bakin tafkin da ya ɗauki sunanta. Abin da aka fi sanin wurin da shi shi ne kaburburan waliyyai 99 da al'ada ta ce suna kewaye da tafkin, waɗanda jama'a ke zuwa ziyara suna addu'a suna ba da sadaka. A 2006 gwamnatin Nijar ta shigar da tafkin da gandun dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, a 2019 kuma aka sa tafkin cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Wannan kwari yana da wani tarihin na biyu. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi hijira arewa, ta kafa sarautarta a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Ta tarar da dangogin Anna, manoma da mahalba da masunta da maƙera, kowane dangi da iskokinsa na gado. Saboda sarautar ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, bori ya ci gaba da zama a fada: Iya a Maraɗi da Inna a Tsibirin Gobir, dukansu ƴaƴan sarauta, su ne shugabannin ƴan bori na ƙasashensu.

Ke nan a ƙasa ɗaya an sami ziyarar waliyyai da hidimar iskoki suna maƙwabtaka, kuma wannan ne ya sa muka zaɓi wurin. Mutumin kwarin ba ya rikita waliyyi da iska. Waliyyi ɗan Adam ne, an haife shi, ya rayu, ya rasu, ga kabarinsa. Ana neman albarkarsa, ba ya hawan kowa, ba a yi masa kiɗa. Iska kuwa ba ta da kabari, mazauninta tsamiya ne ko kuka ko suri ko gurbin ruwa. Babu wata hidima da za ta mai da iska waliyyi, babu sakacin da zai mai da waliyyi iska. Wannan shi ne kamannin bambanci na asalin halitta, kuma da shi za mu gwada wancan da ake cewa yana tsakanin iska da shaiɗan.

3.0 Shaidar Harshe

Kalmar iska ta Hausa ce tun asali, kuma ita ce dai sunan wadda ke kaɗawa, abin da ake jin taɓinsa ba a ganinsa. Aljani da shaiɗan da ibilis da rauhani da ifiritu duk aro ne daga Larabci. Mutanen ɓoye kuma sakaya ce ta ladabi da tsoro, ta haɗe su duka. Idan muka dubi aikatan da ke rakiyar waɗannan sunaye za mu ga wani tsari:

(1) Iska ta buge ta.
(2) Aljannu sun taɓa shi.
(3) Shaiɗan ya zuga shi.
(4) Shaiɗan ya shiga tsakaninsu.

A (1) da (2) jiki ne ko hankali ya sami matsala, kuma magani za a nema. A (3) da (4) zuciya ce ta karkata, abin da za a nema kuwa tuba ne ko sulhu. A nan Shaiɗan sunan yanka ne, wato Ibilis, kuma aikinsa waswasi. Amma kalmar tana da wani amfani na biyu:

(5) Shaiɗanin yaro ne.
(6) Shaiɗanin aljani ne ya kama ta.

A nan ta zama siffa, tana hawa kan mutum kamar yadda take hawa kan aljani. Ana iya cewa shaiɗanin aljani, ana iya cewa aljani musulmi, amma ba a jin wanda ke cewa musulmin shaiɗan. Wato aljani shi ne jinsin, shaiɗanci kuwa hali ne da wasu ƴan jinsin suka ɗauka.

Wannan tsari na harshe ya dace da abin da almajiri ke koyo a makarantar ilimi. Aya ta 15 ta Suratur Rahmani ta nuna daga wuta aka halicci aljannu, aya ta 50 ta Suratul Kahfi ta sanya Ibilis cikinsu, aya ta 11 da ta 14 ta Suratul Jinni sun nuna a cikinsu akwai na kirki da waɗanda ba haka ba, sannan aya ta 112 ta Suratul An'ami ta ambaci shaiɗanu daga mutane da kuma daga aljannu. Bisa ga haka, ko a wajen malami, shaiɗan ba wata halitta ta dabam ba ce da aka gina daga wani sinadari nata na kanta. Abin lura kuma shi ne kalmar iska ma ba ta tsira da tsarki ba, tun da daga gare ta aka sami ɗan iska da iskanci, alhali kuwa in aka ce da gwanin direba ko ɗan ƙwallo aljani ne, yabo ake yi.

4.0 Rabe-raben Masana

Littafin farko mai girma a kan bori shi ne The Ban of the Bori na A. J. N. Tremearne, hafsan sojan Ingila, wanda ya fito a 1914, kuma mafi yawan bayanansa daga Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus ya tattaro su. Tun daga ƙaramin taken littafin ya kira iskoki da kalmar Ingilishi da ke daidai da démon. Sai dai abin da ke ciki ya ƙaryata bangon, domin ya jera iskoki ɗaya bayan ɗaya, kowace da cutar da take sawa da dabbar da ake yanka mata don ta ɗauke cutar. Halittar da ake lallashi ta sauko, ta karɓi haƙƙinta ta bar mutum lafiya, ta yi nisa da abin da mai karatu na Turai ke fahimta da waccan kalma.

Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 kuma littafinsa ya fito a 1946, ya fi taka tsantsan. Ya kawo rabo iri biyu da ya ji a bakin mutane: iskokin gona da na daji, sannan farare da baƙaƙe, inda farare ke tafiya da gari da Musulunci, baƙaƙe kuma da daji da arnanci. Ya kuma nuna cewa shigar da iskoki cikin jinsin aljannu ita ce ƙofar da tsohon addini ya bi ya sami wurin zama a cikin sabon. Wannan bayani yana da ƙarfi har yau. Rauninsa ya zo ne daga masu karatu na baya, waɗanda suka ɗauki fari da baƙi suka mai da su alheri da sharri, har ya zama kamar farar iska ita ce génie, baƙa kuma ita ce démon. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ma ta bi wannan hanya, inda ta yi amfani da baƙin aljan a wuraren da ake maganar ƙazamin ruhu. Amma a wurin ƴan bori farar iska ma tana kwantar da mutum ciwo, baƙa kuma tana tsare gida.

Jacqueline Monfouga-Nicolas, wadda ta yi bincikenta a kwarin Maraɗi kuma ta buga shi a 1972, ita ce ta fi kusa da gaskiyar al'amarin, domin kalmar ambivalence, wato fuska biyu a abu guda, ita ta sa a kan taken littafinta. Ta nuna iskar da ta sa ciwo ita ce kuma ke zama majiɓinciyar wadda ta kama. Inda muke da ja shi ne wata al'ada da ta bazu a rubuce-rubucen Turawa, ta kiran iskoki alloli, kamar yadda ya fito ƙarara a taken littafin Fremont Besmer na 1983 a kan borin Kano. Wanda ya gudu daga démon ya faɗa kan dieu bai tsira ba, ya dai sake ramin da zai faɗa. Ƴan bori da kansu suna cewa Allah ɗaya ne, iskoki kuwa bayinsa ne kamar kowa.

5.0 Abin da Fagen Bori ke Nunawa

Bahaushe wasa yake kiran taron bori, kuma wasa ne mai ƙa'idoji. Akwai makaɗa masu goge ko garaya da masu buta ko ƙwarya, kowace iska da takenta da kirarinta da tsarenta, wato kayan da ake gane ta da su. Wanda aka hau doki ne in namiji ne, goɗiya in mace ce. Mai kallo da ya saba yana gane wanda ya sauko daga tafiyarsa: Malam Alhaji da tari da tasbaha, Kuturu da naɗaɗɗun yatsu, Ɗan Galadima da ƙasaita da kyauta.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda wannan wasa ya raba ƴan wasansa. Birnin iskoki, Jangare, an tsara shi ne kamar birnin Hausa, kuma Besmer ya lissafa gidaje 12 a cikinsa, a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu. Akwai gidan malamai, da na kutare, da na makafi, da na Filani, da na mahauta, da na arna. Rabon na dangi ne da sana'a da ƙabila da sarauta. Babu gidan nagari, babu na miyagu. Ƙofar birnin kuma a buɗe take, domin a 1925 a ƙasar Kurfai aka ga sabbin iskoki masu kamannin sojojin mulkin mallaka, waɗanda ake kira Babule ko Hauka, su ne Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955. Da al'umma ta sami sabbin masu iko, sai Jangare ma ta samu.

Misalin da ya fi kowane fitar da ra'ayinmu shi ne na Doguwa, wadda ake sakaya sunanta da Inna. A ƙasar Maraɗi ana maganar Doguwa Fara da Doguwa Baƙa, amma suna ɗaya suke ɗauke da shi. Ita ake roƙo ta tsare gona da rumbu da dukiya, ta bi ɓarawo. Ita ce kuma ake jingina wa shanyewar ƙafa ko hannu, har cutar da likitoci suka tabbatar ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma allurar rigakafi ke hana ta, ta ci gaba da amsa sunan shan Inna. A idon mai gonar uwa ce, a idon wanda ta shanye kuwa babu abin da ya raba ta da shaiɗan. Adeline Masquelier, a littafinta na 2001 a kan Dogon Dutsi, ta kawo irin wannan fahimta a Arewa, cewa iskar gado da aka daina yi wa hidima takan juyo kan ƴan gidan. Halittar ba ta sake ba, alkawari ne ya karye.

Girka, wadda galibi kwana 7 ake yi, ita ce hanyar ƙulla wannan alkawari. Marar lafiya yakan shiga hannun uwar girka ko uban girka, a kira iskokin da ke kansa su bayyana sunayensu, a san abin da suke so, daga nan a zauna da su bisa sharaɗi har ƙarshen rai. Idan muka kwatanta da ruƙiyya, wadda ta yi ƙarfi a biranen Hausa tun daga shekarun 1990, za mu ga abin mamaki. Mai ruƙiyya ma yakan tambayi aljani sunansa da addininsa da dalilin shigarsa, yakan yi masa wa'azi, yakan nemi ya musulunta ya fita. Da a ce kowane aljani mai shiga jiki shaiɗan ne a halittarsa, da kiransa zuwa ga tuba ya zama aikin banza. Hanyoyin biyu sun yarda cewa ana magana da shi kuma yana iya sake hali. Sun rabu ne a kan ƙarshen zancen, ɗaya na neman zaman tare, ɗaya na neman rabuwa. Haka nan sukar da malaman jihadi suka yi, tun daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta fi faɗawa kan yanka da ake yi wa itatuwa da duwatsu, wato kan abin da ɗan Adam ke aikatawa.

6.0 Amsar Wasannin Ƙage

Yanzu sai mu juya ga wasannin da muka ambata a gabatarwa. Na farko shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ana yin sa ne a kan tebur, da takarda da irin ƙwayar da ake jefawa a ludo, mutum ɗaya na ba da labari sauran na taka rawar jarumai. Kundin halittunsa na 1977 ya ba kowace halitta matsayi tabbatacce tsakanin alheri da sharri, da tsakanin bin doka da hargitsi. Ya raba miyagun ruhohi gida biyu, masu sharri cikin tsari da masu sharri cikin hargitsi. Ya kuma ari aljani da ifiritu daga hikayoyin Larabawa irin na Dare Dubu da Ɗaya, ya mai da su jinsi biyu, na farko daga iska mai karkata ga alheri, na biyu daga wuta mai karkata ga sharri. Wannan rabo yana da amfani ga wasan, domin mai wasa na buƙatar sanin abokin gaba cikin hanzari. Amma ya sayi sauƙi da tsada, tun da halittar da aka rubuta wa halinta tun kafin ta yi komai ba ta da labari, sai dai ƙarfi da rauni. Wani abin lura shi ne, sakamakon matsin lambar wasu ƙungiyoyin Kirista a shekarun 1980, bugu na biyu na 1989 ya cire kalmomin nan biyu masu daidai da démon da diable, daga baya aka maido da halittun da sunayen ƙage, tanar'ri da baatezu. An sake suna, halittun suna nan yadda suke, abin da ke nuna cewa rigimar ta suna ce tun farko.

Na biyu shi ne Dragon Age na kamfanin BioWare da ke Kanada, wasan kwamfuta da ya fara fita a 2009. A cikinsa ruhohi na zaune a duniyar mafarki, wani labule ya raba su da duniyar mutane, kuma kowane ruhi siffa ɗaya yake wakilta. Majami'ar cikin labarin tana koyar da cewa akwai ruhohi na kirki, irin su Adalci da Tausayi, da shaiɗanu irin su Fushi da Sha'awa da Girman Kai. Sai dai labarin da kansa yana rushe wannan koyarwa. A kashi na 2011, ruhin Adalci da ya shiga jikin wani matsafi mai suna Anders ya gauraya da fushin mutumin ya zama Ramuwa. A kashi na 2014, wasu matsafa sun kira wani ruhin Hikima suka ɗaure shi suka tilasta masa yaƙi, sai ya rikiɗe ya zama shaiɗanin Girman Kai, kuma Solas, abokinsa, ya ɗora laifin a kan waɗanda suka ɗaure shi.

A ganinmu wannan wasa ya fi na farko zurfi nesa ba kusa ba, kuma ɗan bori zai gane rabin maganarsa: halitta ɗaya ce, mu'amalar mutum ce ke fito da wannan fuska ko waccan. Amma ya gaza a wurare biyu. Na ɗaya, ruhinsa siffa guda ce tak, saboda haka in ya sake hali sai ya sake suna da kama, ya zama wani abu dabam. Doguwa kuwa ba ta buƙatar rikiɗa, tana tsare rumbu tana shanye ƙafa a rana ɗaya da suna ɗaya, kamar yadda sarki ke naɗi da safe ya yi tuɓe da yamma. Na biyu, dangantakar a wasan ta mutum ɗaya ce da ruhinsa, ta zuciya da niyya. A kwarin Maraɗi ta dangi ce, ana gadonta, tana da bashi da lokacin biya da shaidu da makaɗa da shugaba a fada. Wasan ya mai da al'amarin ilimin halin ɗan Adam, bori kuwa ya ɗauke shi a matsayin shari'a tsakanin maƙwabta biyu, na fili da na ɓoye.

7.0 Abin da Suna ke Jawowa

Mai karatu na iya cewa duk wannan gardamar kalmomi ce. A cikin wasan kwamfuta haka ne, domin wanda ya yi kuskure sai ya sake farawa. A ƙasa kuwa sunan da aka ba abin da ke damun mace shi ke nuna inda za a kai ta, ko gidan mai girka, ko wurin mai ruƙiyya, ko asibiti, kuma shi ke nuna yadda za a dube ta bayan ta warke. In aka ce tana da iskoki, marar lafiya ce mai lalura. In aka ce tana hulɗa da shaiɗanu, kamar yadda akan ji a bakin wasu masu wa'azi, ta tashi daga marar lafiya ta koma mai laifi, domin siffar ta zame daga kan aljanin ta hau kanta, kamar yadda misali na (5) ya nuna harshe ya yarda a yi.

Maraɗi ta ga inda irin wannan zamewa ke kaiwa. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi, aka far wa mashaya da majami'u da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren bori, kamar yadda Barbara Cooper ta yi nazari a kai. Abubuwan nan ba su da alaƙa da juna a tarihi ko a aiki, abin da ya tara su wuri ɗaya shi ne an sa musu suna ɗaya. Saboda haka mai fassara da ya rubuta démon a inda mai magana ya ce iska ya sa hannu a cikin wata shari'a da ba a gayyace shi ba.

8.0 Kammalawa

Mun fara da ma'aunin da bakin tafkin Madarunfa ya ba mu, wato bambancin waliyyi da iska, wanda hidima ko sakaci ba sa gusar da shi. Da muka gwada iska da shaiɗan a kansa sai muka ga ba su cika shi ba: harshe ya mai da shaiɗanci siffa, nassin da malamai ke karantarwa ya sanya Ibilis cikin aljannu, Jangare ta raba mazaunanta bisa gida da sana'a, girka da ruƙiyya kuma duk suna magana da wanda suke fatan ya sake hali. Daga cikin masana Monfouga-Nicolas ce ta fi kusa, daga cikin wasanni kuma Dragon Age, ko da yake ya tsaya a rabin hanya.

Shawararmu ga masu fassara ita ce su bar kalmar iska yadda take a cikin matanin Faransanci, su yi mata bayani sau ɗaya, su ajiye diable don Ibilis kaɗai, démon kuma sai inda mai maganar da kansa ya ce shaiɗan. Ga marubuta littattafan yaƙi da masu shirya fina-finai a Kano da Maraɗi, da matasan da za su so tsara wasannin kwamfuta da Hausa, muna ganin ba su da buƙatar aron jadawalin nagari da miyagu daga waje, alhali a gida akwai tsarin da ya fi shi yalwar labari. Aikin da ya rage, wanda muke fatan ɗaliban sashen harsuna za su ɗauka, shi ne tattara kirarin iskoki daga bakin makaɗan Madarunfa da Jiratawa da Gabi da Ɗan Isa, a duba sau nawa kalmar shaiɗan ke fitowa a ciki, da kuma wanda ake nufi da ita in ta fito.